Awarwaron Furoje

Shafi na 14

Masu damuna da saƙo tun da asuba wai na bar Fadimata da jariri a hannu, to ga ta nan, ku karɓi abarku. Wadda ta shigo yau kuma ta matso kusa. Muna Dakoro, gidan Goggo, inda Fadimata take wankan jegon ɗanta na fari, kuma motar furoje, wato shirin binciken ciwon daji, ta tsaya a ƙofar gida.

*

Ƙarar motar ce ta riga sallama shigowa.

Fadimata na zaune a bakin ƙofar ɗaki, jikinta bai gama huce zafin ruwan wanka ba, yaron na manne da nono. Ta ji an kashe inji. A unguwarsu mota ba ta tsayawa haka kawai, ko dai an yi rasuwa ko an zo rabo.

Goggo, ƙanwar mahaifinsu da ta riƙe su tun suna ƙanana, ta ajiye ludayin kunun kanwa, fuska a washe.

"Furoje ne! Ban hwaɗa maku ba? Sabuni guda ai ba rabo ba ne. Raudatu! Ɗauko buhu!"



Raudatu yayar Fadimata ce, ta baro gidan mijinta a Azagor don ta taya jego. Yanzun nan tana tsakar gida tana shanyar tsummokaran yaro. Fadimata ta ɗaga kai, sai ta ga igiya na lilo, mai shanyar kuma ta zagaya bayan ɗaki inda ake dafa ruwan wanka.

"Salamu alaikum."

Mata biyu ne. Ta gaban Furera ce, ungozomar likitar gari, wato asibiti, wadda ta karɓi haihuwar Fadimata. Ta bayan doguwa ce mai tabarau, da farar rigar likitoci a kan atamfa.

Goggo ta yi wuf ta zare yaron daga jikin Fadimata ta goya shi. Ɗan fari ne, ba za a shigo a tarar da uwarsa ta rungume shi kamar marar kunya ba.

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka yi barka, aka kawo ruwa. Baƙuwar ta sa kofin a baki don kara kawai ta ajiye.

"Wagga Lokotoro Surayya ce, daga Yamai," in ji Furera. "Ita ta duba ku ranar gwaji. Kin gane ta ai, Fadimata."

Fadimata ta sunkuyar da kai. Yatsan Goggo ya sauka a kan ƙafarta ta ƙarƙashin zane, ya danna.

To bari in tuna muku yadda aka yi, don na san wasunku karatun tsalle suke yi. Fadimata na da tsohon ciki Furera ta taɓa wani ɗan ƙullutu a nononta, ta ɗaura mata awarwaron roba shuɗi mai lamba, ta ce ranar da likitocin Yamai suka zo ta je da shi. Ranar ta zo ko suna ba a yi ba. Mai jego kuwa ba ta taka ƙofar gida, ko da garin zai kama da wuta. Goggo ta duba ta ga wannan ai ba abin damuwa ba ne. An yi rabon hatsi, wata ta karɓo wa wata. An yi rabon sange, gidan sauro ke nan, wata ta karɓo wa wata. Sai ta zare awarwaron ta zura a hannun Raudatu, ta ce je ki karɓo wa ƙanwarki. Furera ba ta nan ranar, an kira ta wata haihuwa a ƙauye. Fadimata da Raudatu kuma kamar an tsaga kara.

Raudatu ta dawo da yamma da sabuni ɗaya. Ta ce tambayoyi kawai aka yi mata, ko hannunta ba a taɓa ba. Har rantsuwa ta yi.

Lokotoro Surayya ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Fadimata, ba da labari mai daɗi na zo ba, amma da magani na zo. Ɗan naman da muka ɗauka a jikinki, sakamakonsa ya fito."

Fadimata ta ɗago.

"Wane nama?"

"Wanda na ciro da allura daga nononki na hagu. An duba shi a labo, ɗakin gwaji na Yamai, an aika rabi ga abokan aikinmu na waje, su ma sun duba. Bakinsu ɗaya. Ciwon daji ne."

"Innalillahi," in ji Goggo. Amma idonta na kan hannun baƙuwar, tana neman inda buhun yake.

Fadimata ba ta ji tsoro ba. Abin da ta ji ya fi kama da wanda ya kama ɓarawo hannu dumu-dumu a cikin rumbu. Nama? Ita da ba ta je ba? Wadda ta je kuma ba a taɓa ta ba? Duk maganganun da matan barka suke yi a ɗakin nan suka dawo mata. Wai furojen nan ba ya cin abinci sai da marasa lafiya. Wai in ba su samu ba, ƙirƙira suke yi. Wai wata ta shiga motarsu a Sabon Maci, har yau ba wanda ya ga ta dawo da ƙafarta. Da tana jin su da kunne ɗaya. Yau ga shi an zo har tabarmarta.

"To yanzu mi kuke so?" ta ce.

"Mu tafi da ke yau. Akwai gado yana jiranki. Ba za ki biya komai ba."

"Wa ka biya?"

"Wata fondasiyo ce, gidauniya ta masu hali a ƙasar waje. Su suka ba da kuɗin bincike, likitocinmu da nasu suna aiki tare. Muna so mu gane irin dajin da ke kama matanmu, don a daina ba su magani da ka. Duk wadda aka samu da shi a cikin binciken, maganinta na kansu."

"Sun san ni?"

"A'a."

"Sun san Goggo?"

"Fadimata," in ji Furera, "mi ya kawo wagga magana?"

"Tambaya nika yi, Madam. Mutum bai san ka ba, bai san uwarka ba, yana can bayan ruwa, shi ɗebo dukiyarshi shi ce a yi maka magani. Don Allah mi zai samu?"

"Ilimi," in ji Lokotoro Surayya.

"In kuma ba a samu mai ciwon ba hwa? In kun zo Dakoro kun duba kowa lahiya lau? Za su ci gaba da ba ku?"

Furera ta kama baki. Lokotoron ba ta yi fushi ba, ta dai tsaya tana kallonta.

"Kina nufin ƙarya muka yi miki?"

"Ni ban ce ba."

"Kin ce. Kuma ba ke kika fara ba. Amma da hannuna na taɓa abin nan, Fadimata. Ya kai ƙwan zabo. Kina kuka ina soka allurar, kika ce in rufa miki asiri."

Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjin Fadimata, ta danne shi. Ƙullutunta ko ƙwayar wake bai kai ba, kuma tun da ruwan nono ya zo ya baje. Matar nan ta iya tsara zance, shi ke nan. Ai dama ba za a aiko wadda ba ta iya ba.

Yaron ya farka a bayan Goggo ya fara tsala kuka. Goggo ta miƙe tana jijjiga shi. Kafin Fadimata ta ankara gaban rigarta ya jiƙe.

Furera ta yi ƙasa da murya.

"Ga kuma zancen yaro. Dole a cire shi daga nono, Goggo. Maganin nan da ƙarhi yake, jini yake bi. Abin da uwa ta sha, ɗa ya sha."

"A cire wa?" Goggo ta daina jijjigar. "Ɗan da bai yi arba'in ba? Ku kashe shi mana ku huta!"

"Ba ni zuwa ko'ina," in ji Fadimata. "Ba mai raba ni da shi."

Ta manta da kunyar ɗan fari, ta faɗa a gaban kowa.

Amma Lokotoro Surayya ba ita take saurare ba. Ta mayar da tabaranta, tana kallon jiƙaƙƙiyar rigar, tana kallon goyon.

"Yaron wa ne wannan?"

"Nata ne mana," in ji Furera. "Ni na karɓi haihuwar."

"Yaushe?"

"Ana saura kwana kaɗan ku zo."

"Ba zai yiwu ba."

"Lokotoro, da hannuna na yanke cibi."

"Nonon da na duba babu ruwa a cikinsa, Furera. Ko ɗigo. Matar da na duba ba mai jego ba ce." Ta juyo. "Fadimata, mu shiga ɗaki."

Goggo ta sunkuya, yatsanta ya sake neman ƙafar Fadimata, amma ta riga ta miƙe. So take ta kunyata su. Su duba da idonsu su ga ba inda aka taɓa ta, ta ga kuma wace ƙaryar za su sake ɗinkawa.

A cikin ɗaki ta ɗaga riga. Hannun matar sanyi ƙalau. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ɗaga mata hannu ta taɓa hammata. Ta kunna fitilar salula ta haska gefen nonon hagu, ta daɗe tana neman wani abu.

"Babu tabo," ta ce a hankali. "Babu ƙullutu."

"Na hwaɗa maki."

"Ba ki faɗa mini komai ba. Ba ki je ba, ko?"

Fadimata ta sauke rigarta.

"Wa ya je da awarwaronki?"

Suka fito. Furera ta karanta fuskar lokotoron, nan take gumi ya karyo mata.

"Wayyo ni Furera. An musanya?" Ta dafe kai. "Lokotoro, in masu fondasiyo sunka ji an haɗa naman wata da sunan wata, ruhe Dakoro za su yi. Duk matan da ke layi sun rasa. Ni kuma aikina..."

"Bar zancen aikinki."

"Goggo, wa kunka ba? Ku hwaɗi gaskiya!"

Goggo ta gyara ɗaurin goyo, ta kafa ido a katanga. A ranta ta riga ta ga jandarma a ƙofar gida, ana cewa tsohuwa ta cuci furoje.

"Ɓacewa ya yi," ta ce. "Yara sunka ɗauka suna wasa. Wa ya san wadda ta tsinta? Garin ga da yawa yake."

Allah ya shirya Goggo. Ƙarya a bakinta kamar an jiƙa ta tun jiya.

Lokotoro Surayya ta koma kan tabarma ta zauna, ta cire takalmi ta ajiye a gefe.

"Inna, ba kama kowa na zo yi ba. Ko jandarma ko mai gari, ba wanda zai ji daga bakina. Amma ki saurare ni. Akwai wata mata, ta yi kama da ɗiyarki, tana yawo da wannan abu a ƙirji. Irin nata mai sauri ne. In aka fara yanzu, ina sa rai. In aka bari har kaka, ban san abin da zan tarar ba. Ba zan tashi daga nan ba sai na san ko wace ce."



Fadimata na tsaye. Tana so ta ci gaba da zarginsu, wallahi tana so, don zargin ya fi sauƙin ɗauka. Amma matar da ta zo sata ba ta cire takalmi ta zauna. Kuma wasu abubuwa da ta gani ba ta lura ba suka fara faɗo mata ɗaya bayan ɗaya. Raudatu ta daina daka, wai kafaɗa. Raudatu da suke shiga makewayi tare tun suna yara, yanzu sai ta tabbatar kowa ya fito. Raudatu da ke son yaron nan kamar ta haɗiye shi, amma kullum a kafaɗar dama take saɓa shi.

Tsoro ya kama ta.

"Bari in duba ruwa," ta ce. "Kada wuta ta mutu."



*

Bayan ɗaki, rabin tanon ruwa, duron da aka raba biyu, na kan murhu yana tafasa, ganyen dogon yaro na juyawa a ciki. Raudatu na tsugune tana tura itace, alhali wutar ba ta buƙatar ƙari. Daga inda take, ba abin da aka faɗa a tsakar gida da bai iso kunnenta ba.

"Yaya."

"Mai jego ba ta tsayuwa cikin iska. Koma."

"Yaya, kin ji su."

"Na ji suna ta zuba. Mutanen furoje ai baki gare su."

"Kin ce ba a taɓa ki ba."

"Haka na ce."

"Kin rantse."

Raudatu ta tura wani itacen.

"Ɗaga rigarki in gani."

"Ke, ni sa'arki ce?"

"In ba komi, ɗaga. In na gani ba komi, ni da kaina zan koma in kore su da muciya."

"Fadimata, ki kiyaye ni."

Fadimata ta durƙusa ta kama hannunta na hagu. Ba da ƙarfi ba ma. Raudatu ta saki wata 'yar ƙara ta cije leɓe, itacen ya faɗi daga hannunta.

Suka kalli juna.

Raudatu ce ta fara kawar da kai. Ta waiwaya ta ga ba kowa, sannan ta ja wuyan rigarta ƙasa da yatsa biyu.

Ga ɗan tabon allurar nan a gefe, baƙi, ƙarami. A kusa da shi fata ta kumbura ta yi sheƙi, ga kuma sababbin tsagar aska a jere an shafe su da wani baƙin gari.

"Wanzami kika kai wa?" in ji Fadimata. "Yaushe?"

"Ran kasuwa. Ya ce iska ce ta taru, in an tsaga za ta hita."

"Ta hita?"

Raudatu ta mayar da riga.

"Tun yaushe kike da shi?"

"Tun kahin azumi."

"Kuma kina gidan ga, kina dahwa mani ruwa, kina wanke mani tsumma, ba ki..." Kuka ya ci ƙarfinta, ta toshe baki da mayafi.

"Shiru! So kike su ji?" Raudatu ta riƙe ta. "Da Goggo ta aike ni, buhu na ɗauka, wallahi. Na iske ba rabo ba ne, mata na shiga ana duba su. Na ce tunda Allah ya kawo ni, bari a duba ni da sunanki, ba wanda zai sani. Na zaci in sun gani za su ba ni ƙwaya in sha. Ban san har gida za su biyo ba."

"To sun biyo. Tashi mu tahi. Matar nan ta ce tana sa rai."

"Ɗazu ke ce kike cewa ƙarya suke."

"Ɗazu ban ga wanga ba! Tashi, Yaya. Ga mota, ga gado, ba a biyan komi."

"Ba ni zuwa."

"Mijinki Intalla kike tsoro? Ni zan kira shi. In yana bayan raƙuma ne ma sai an nemo shi. Mijin da zai hana matarshi magani ba a haihe shi ba."

"Maigidan bai san komi ba. Ba shi ba ne."

"To mi? Yanka kike tsoro? A yanke mana! Ki rayu da guda!"

Raudatu ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. Ta kama hannun Fadimata, ta ja shi. Fadimata ta zaci ƙirji za ta kai shi. Sai ta ji an ɗora shi a ƙasan cibiya, an danne.

"Wata uku," in ji Raudatu, da muryar da ko tanon ruwan bai ji ba. "Ba wanda na hwaɗa ma, ko Goggo. Kin san shekarun da na yi ina jira. Kin san rubutun da na sha, kin san abin da dangin miji sunka kira ni. Sai yanzu."

Fadimata ta kasa zare hannunta.

"Kin ji abin da Furera ta ce. Maganin jini yake bi. Wanda ke waje ma sun ce a cire shi daga nono. To wanda ke ciki hwa? Mi za su yi mashi?"

"Ba mu sani ba, Yaya. Mu tambaye ta. Wataƙila akwai dabara."

"In na hita gabanta, ya ƙare. Za su taru a kaina, ita da Goggo da maigidan, kowa shi ce rai ya hi. Ba mai tambayata." Ta ƙara danne hannun. "Ki bar ni in haihu. In na haihu, su yanka ni gunduwa-gunduwa, ban damu ba."

"Ta ce in anka kai kaka..."

"Na ji abin da ta ce."

"Yaya, mutuwa za ki yi!"

"Ke kin samu naki, Fadimata. Ɗazu na ji ki, gaban baƙi, kin ce ba mai raba ki da shi." Idonta ya kafe a kan na ƙanwarta. "Ban taɓa roƙonki komi ba. Ki koma ki ce Goggo ta yi gaskiya, awarwaro ɓacewa ya yi. Ki rantse mani."

Takun ƙafa ya taso daga tsakar gida, ba takalmi, yana zagayo ɗakin a hankali.

Raudatu ta saki hannunta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ga murhu ta ba da baya.

Lokotoro Surayya ta tsaya a kusurwar ɗakin. Ta kalli Fadimata da hawaye shaɓe-shaɓe, ta kalli bayan matar da ke tsugune.

"Fadimata," ta ce. "Wace ce wannan?"